Barcin Baba Natsuwa

Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da makullan siton kamfanin katifa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Sito yake ce masa. Matarsa ma in ya ba ta haushi da sunan take kiransa. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga wushirya, ga furfurar da ta ci rabin gemu ta bar rabi kamar an kira ta wani aikin. Siton nan kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa. In ka ce masa kana neman katifa mai inci takwas, mai shuɗin yadi, ba zai ko ɗaga kai daga kofin shayinsa ba, sai ya ce, "Layi na huɗu, bayan ginshiƙi. Ka yi hankali da ƙusar da ke jikin katakon." In ka je za ka tarar da katifar, ƙusar ma tana nan tana jiran rigarka.

Da tsohon mai kamfanin ya gaji, sai ya sauka ya ba ɗansa kujera. Ɗan ya dawo ne daga dogon karatu, da tabarau wanda ba na magani ba, da wandon da ya yi faɗa da idon sawu. Ma'aikata suka sa masa Ƙaramin Yallaɓai. Ranar farko ya tara su a filin loda kaya, ya roƙe su su daina ce masa yallaɓai, domin a wannan kamfani, in ji shi, babu babba babu yaro, duk iyali ɗaya ne. A makon ne kuma aka sa wa ƙofar bene na'urar da ke duba fuska, wadda ba ta buɗe wa kowa sai mutum shida daga cikin iyalin.

"Ina da tambaya," in ji shi a taron, yana kai da kawo da lasifika a hannu. "Me muke sayarwa a nan?"

Kowa ya ji tsoron tambayar da amsarta ta cika sauƙi. Can sai wani direba ya yi ta maza ya ce, "Katifa, ranka ya daɗe."

"Kun ji matsalarmu ke nan. Katifa ai soso ne da yadi. Mu natsuwa muke sayarwa. Ma'anar rayuwa muke sayarwa. Mutum ya kwanta ya san ko shi wane ne."

Baba Sito ya dafa ƙugu ya ce a ransa, ashe duk shekarun nan ma'anar rayuwa yake jerawa bakwai bakwai har rufi, ba mamaki bayansa ke ciwo.

Ba a jima ba aka fito da sabuwar katifa mai wayoyi a ciki. Tana jin numfashinka, tana ƙirga juyinka, da safe ta aiko maka da makin barcin da ka yi ta waya, kamar malamin aji. Da can mutum in ya tashi shi ke faɗin ko ya yi barci. Yanzu sai ya tambayi waya, in ta ce bai yi ba, to ya wuni yana hamma ko da garau ya tashi.

Sabuwar katifa kuma sai da sabuwar fuska. Masu talla suka zo suka zagaya ofisoshin bene, ba su ga abin da suke so ba, domin fuskokin can duk sun san kan duniya. Suna saukowa ta sito sai shugabarsu ta ja ta tsaya, ta nuna Baba Sito da biro.

"Ga shi nan. Ku dubi fuskar nan don Allah. Wannan ko canjin wani bai taɓa riƙewa ba."

Aka kai shi ofishin kula da ma'aikata, wanda aka sake wa suna Ofishin Walwala, mai riƙe da shi kuma ta zama Madam Walwala. Mace ce mai murmushin da ba ya zuwa hutu. Ta ajiye masa takarda mai shafi tara, rubutun ƙanana kamar ƙafar kiyashi.

"Ƙa'ida ce kawai, Baba. Sa hannu nan, da nan, da nan."

Ya manta tabaransa a sito, kuma ya ji kunyar ya ce a jira shi. Ya sa hannu. Aka ba shi tukuicin hular kamfani da katan ɗin lemo, ya ɗauka ya kai gida yana jin kansa wani ne.

Wuni guda aka yi ana ɗaukarsa hoto. A ce ya dubi dama, ya dubi hagu, ya buɗe baki, ya yi dariya, ya karanta wasu jimloli marasa kai da gindi a gaban makirfo. Daga ƙarshe aka kwantar da shi a kan katifar.

"Baba, yi barci. A'a, ba na gaske ba. Yi barcin mutumin da ya gamsu da rayuwarsa."

"Wannan ban taɓa gani ba, 'yar nan, amma bari in gwada."

Bayan wata huɗu aka kafa allon tallar a babbar mararrabar gari, daidai inda yake jiran motar haya kullum. Tsawonsa ya kai bene uku. Ga shi nan kwance, ido rufe, gemu fari fat, haƙora a jere ba wushirya, tumbin ma an yi masa aikin da likita bai iya ba. A ƙasa an rubuta: BABA NATSUWA YA SAN KO SHI WANE NE. KAI FA?

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, tela ce, tana ɗinka kayan 'yan makaranta a falonsu na hawa na biyu. Ta rufe keke ta bi shi har mararrabar don ta gani da idonta. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Da wannan ne ya zo neman aurena, da ban ja maka rai wata shida ba."

Mako biyu bayan haka aikinsa na sito ya ƙare. Tun kafin nan an riga an liƙa wa kowace katifa wata 'yar takarda mai zane-zane, an kawo na'urar da in ka haska ta sai ta yi ƙara ta faɗi layi da lamba. Shi da kansa ya bi masu haɗa na'urar layi layi yana gaya musu inda komai yake, har yana gyara musu kuskure, yana jin daɗin an san darajar iliminsa. Wata ranar Talata aka ce Madam Walwala na nemansa.

Ta ba shi kujera mai laushi da ruwan sanyi. Tun daga nan ya sha jinin jikinsa.

"Baba, ka taɓa tambayar kanka, ni wane ne in babu sito?"

"Ban taɓa ba, Madam. Siton bai ba ni lokaci ba."

"To ka ga alherin da kamfani zai yi maka. Daga ƙarshen watan nan lokaci naka ne."

Ya ajiye kofin a hankali. "Korata kuka yi ke nan?"

"Haba Baba! Mu ba ma faɗin wannan kalmar a iyalin nan. Mun sake ka ne ka je ka nemi kanka."

"Ai ban ɓata ba."

Ta yi dariya, ta ce wannan barkwancin nasa shi za su fi kewa. Ya zaro makullai daga aljihu, guda goma sha ɗaya a zobe ɗaya, ya miƙa mata. Ta ce ya riƙe abin tunawa, ai an canja ƙofofin tun jiya, yanzu lamba ake dannawa.

Zaman gida ya zo masa da abin da bai zata ba. Ya ɗauka talauci ne zai fara ƙwanƙwasa ƙofa, ashe suna ne. In ya shiga motar haya sai a yi ta leƙensa. Mai shagon ƙasan benensu ya daina ce masa Baba Sito. Wata mata ta tare shi a bakin kantin magani, ta ce katifarta kullum hamsin take ba ta, don Allah ya gaya mata sirrin tasa'in. Ya ce mata shi a kan tsohuwar katifar aurensa yake kwana, wadda ta lotsa a tsakiya. Ta ja tsaki ta ce masu kuɗi dai ba sa son wani ya ƙaru.

Barci kuwa ya yi masa yaji. Mutumin da da can yana sa kai a matashi ake jin munsharinsa har matakala, yanzu sai ya tashi da safe ido jawur, ya zauna a kujerar falo yana kallon Maman Auta tana taka keke, yana ƙirga maɓallan da ke cikin gwangwani don dai hannu ya sami abin yi.

Ana nan sai 'yarsu Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, ta dawo da rana tana dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ashe ka iya iyo ba ka taɓa gaya mana ba?"

Ta miƙa masa waya. Ga shi nan a cikin wani farin gida mai gilasai, ya tashi daga katifa yana miƙa, ya rungumi jikoki biyu masu kumatu, ya yi tsalle ya faɗa tafkin wanka kamar kifi. Da ya fito ya dubi mai kallo, ya yi magana da muryarsa sak, ya ce, "Ni na sami kaina. Kai ma kwanta ka samu." Auta ta danna wani wuri, sai ga shi yana maimaitawa da wasu harsuna uku da bai san ko gaisuwarsu ba.

Maman Auta ta leƙo ta kafaɗarsa, da allura a baki. "Waɗannan jikokin na wace 'yar ne? Ni dai ɗaya na haifa, ga ta nan ko saurayin kirki ba ta kawo ba."

Shi bai yi dariya ba. Ya sa aka maimaita masa sau huɗu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda mutumin ke sosa bayan kunne kafin ya yi magana. Wannan nasa ne, tun yana yaro yake yi, ba wanda ya roƙe shi ranar hoto, sun dai gani sun ɗauka.

Kwana uku tsakani Yayarsa ta iso daga garin da take aure, da jakarta da sandarta. Ita ta goye shi, don haka ba ta san wani abu wai shi sakaya zance ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Ƙanina, ka kyauta. Allah Ya buɗa maka, ka ɓoye wa 'yan'uwa. Kana can kana wanka a tafki, ka bar matarka a wannan akurkin don kada mu gane."

"Yaya, wallahi ba ni ba ne. Na'ura ce ta haɗa."

"Na'ura ce ta sosa kunnen? Ni za ka gaya wa sosa kunnenka?"

"Yaya, ni da ko a baho sai kin riƙe ni, ina ni ina iyo?"

"Kuɗi ai ba abin da ba sa koya wa mutum. Dama tun kana yaro zurfin ciki gare ka."

Ta kwana biyu ta tafi ba ta yarda ba, ta bar masa saƙon cewa ɗanta na biyu yana zaune ba aiki, in ya ga dama ya tuna zumunci.

Shi ma aikin yake nema. Auta ta cika masa takardar neman aikin sito a wani kamfanin tayil, ta waya. Yanzu ba mutum ke yi wa mutum tambayoyi ba, ana ce maka ka dubi idon waya ka faɗi abin da ya sa ka fi kowa. Ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a gaban labule, ya faɗi gaskiyarsa. Kafin ya cire rigar amsa ta dawo. An ƙi shi, domin an gano yana amfani da fuskar wani sanannen mutum, kuma ana gargaɗinsa da ya guji sojan gona.

Ya ce to bari ya je inda ake ganin mutum ido da ido. Wani mai sayar da gadaje da kujeru ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka ɗauke su hoto tare, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na ajiye ka a nan, duk wanda ya shigo katifar waɗancan zai tuna. Ka ga na ɗauki ma'aikaci ina yi wa abokin gaba talla."

A hanyar dawowa ya tsaya a mararraba yana jiran mota, rana na dukan ƙeyarsa, ya ɗaga kai ya dubi na saman. Wancan ba ya tsufa, ba ya ciwon baya, ba a kiransa ofis a ba shi ruwan sanyi. Su biyu fuska ɗaya, amma mai barcin shi ke da aiki, wanda ke tsaye ido biyu shi ne zauna-gari-banza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, to shi a wannan wasan bai ma san ko shi ne kurar ba ko kuwa fatarta ce kawai. Da motar ta zo bai shiga ba. Ya tsallaka titi ya hau mai zuwa kamfani.

Mai gadi tsohon abokinsa ne, ya kau da kai ya bar shi ya wuce. Ya hau matakala har ƙofar benen nan da bai taɓa ƙetarawa ba sai da rakiya. Yana tunanin yadda zai ƙwanƙwasa gilashi, sai na'urar ta haska fuskarsa, ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi ta ce, "Barka da zuwa, Baba Natsuwa, jakadan kamfani." Ƙofa ta buɗe da kanta.

Ƙaramin Yallaɓai yana tsaye a gaban tebur marar kujera, domin ya karanta cewa zama na kashe basira. Ya dubi baƙon ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya washe baki.

"Kai! Bawan Allah, an taɓa gaya maka kana kama da Baba Natsuwa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na sito."

"Oho, Baba! Ka ga yadda ka canja. Ka ɗan rame, ka kuma ɗan yi ƙiba. Me za mu yi maka?"

"Fuskata na zo karɓa."

Aka kira Madam Walwala, ta zo da takardar da murmushin. Ta buɗe shafi na bakwai ta karanta masa a hankali, kamar mai ba yaro magani. Ya ba kamfani fuskarsa, da muryarsa, da motsinsa, da duk abin da za a iya samarwa daga gare su, a ko'ina, har abada.

"Har abada ai ta wuce kwanana."

"Ka ga kyan abin ke nan," in ji Ƙaramin Yallaɓai. "Mutane na kashe dukiya don a tuna da su, kai mun dawwamar da kai kyauta. Baba, mene ne mutum? Mutum labari ne. Mu gyara maka naka muka yi."

"Wa ya ce muku ya lalace?"

Yallaɓai bai ji ba, domin wata dabara ta faɗo masa, har ya tafa hannu. Za su buɗe sabon shago ranar Asabar a babban rukunin kantunan gari, da ɗakin gilashi a gaba. Me zai hana a kwantar da Baba Natsuwa na gaske a ciki, jama'a su gan shi da ransa? Za a biya shi, duk Asabar.

Baba Sito ya buɗe baki zai ce Allah Ya kiyaye. Sai ya tuna kujerar falo, da gwangwanin maɓallai, da yadda Maman Auta ta fara karɓar ɗinkin da da can take mayarwa. Ya sosa bayan kunne, ya ji haushin kansa da ya sosa, ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Da ya faɗa a gida yana sunkuyar da kai, Maman Auta ta tsayar da keke. "Biyan ka za a yi ka kwanta? Ikon Allah. Shekara talatin kana yi mini shi kyauta a kujerar nan." Amma da safen Asabar ita ta goge masa riga, ta kuma sa masa ƙwayar maganin ciwon baya a aljihu.

Awa biyu masu kwalliya suka yi a kansa. Shugabar masu talla ta ce gaskiya bai yi kama da Baba Natsuwa yadda take so ba, amma za a yi maneji. Aka rina gemun ya zama fari, aka toshe wushiryar da wani ɗan farin roba, aka ɗaure tumbin da ɗamara, aka sa masa kayan barci na siliki. A saman gadon an rataye babban allo mai nuna makin barci kai tsaye, don jama'a su ga yadda gwani ke yi.

"Ka ji ko, Baba," in ji Madam Walwala. "Ido rufe, ɗan murmushi, numfashi a hankali. Kada ka yi barci." Ta fita, ƙofar gilashin ta kulle, ta wuce wani taro a ɗaya gefen gari kan jin daɗin ma'aikata.

Ya kwanta. Ɗakin da sanyi, ba ƙarar keke, ba mai tambayarsa sirrin tasa'in. Katifar kuwa, a faɗi gaskiya ko ta maƙiyi ce, soson mai kyau ne, ya san shi, daga layi na biyu ake ɗauko irinsa. Ya riƙe murmushin minti goma. Ya ji ƙugunsa ya saki, kafaɗunsa sun sauka. Wata biyar rabonsa da barcin kirki. Ya ce bari ya ɗan huta da murmushin kaɗan.

Abin da ya biyo baya a wayar Auta ya gan shi, kamar sauran mutanen gari. Bakin ya buɗe. Munsharin ya taso tun daga ƙasa, makirfon da aka sa don a ji numfashin natsuwa ya kwashe shi ya watsa wa rukunin kantunan gaba ɗaya. Ya juya, ɗamarar ta ɓalle, tumbi ya dawo gida. Ƙafa ɗaya ta sauko tana lilo. Ɗan robar haƙorin ya fito ya kwanta a kan matashi kusa da shi. Jama'a suka cika gaban gilashin, kowa ya ɗaga waya, yara na kwaikwayon ƙarar. A saman kansa allon ya yi ta lissafi, sannan ya rubuta da jan rubutu: 38 CIKIN 100. BARCI MARAR INGANCI. NEMI SHAWARAR LIKITA.

Ma'aikatan shagon suka yi ta bugun gilashi, ko gezau. Ƙofar kuma ba ta san fuskar kowa ba sai ta Madam Walwala, ita kuwa ta kashe waya don kada a katse mata jawabi. Awa uku da rabi ya yi. Da ta iso a guje, ranar ce aka fara ganin fuskarta ba murmushi, ashe ma ta fi kyau a haka. Ya tashi zaune yana goge baki, jikinsa sakayau kamar an sauke masa buhu, ya ce, "Madam, an fara ne?"

Kafin la'asar kamfani ya fitar da sanarwa. Auta ta karanta musu a falo, tana yi tana tsayawa ta share hawaye. Kamfani na sanar da jama'a cewa mutumin da aka gani wani mai kwaikwayon Baba Natsuwa ne, ba shi da wata alaƙa da kamfani, kuma Baba Natsuwa na gaske yana nan lafiya, makinsa bai taɓa sauka daga tasa'in da biyar ba.

Baba Sito ya saurara har ƙarshe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin a kafa allo, har ya shiga tari, Maman Auta na bubbuga masa baya tana cewa, "A hankali, sojan gona, kada ka mutu a bar mu da na tafki."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Ƙanina, na gani. Jikata ta nuna mini." Ta gyara murya. "Wancan mai iyon ban san daga ina suka samo shi ba. Amma wannan munsharin na gidanmu ne. Haka Babanmu yake yi, har da ɗan fito a ƙarshe. Na sa ta maimaita mini sau uku, sai da na yi kuka." Ta ja hanci. "Ashe da gaske ba ka da komai."

"Ba ni da komai, Yaya."

"To alhamdu lillahi. Na ɗauka ka lalace."

Kamfani bai yi asara ba, kada wani ya damu. A watan nan katifar ta yi kasuwar da ba ta taɓa yi ba, domin kowa na so ya gwada ko zai wuce talatin da takwas. Aka ba Ƙaramin Yallaɓai lambar yabo ta hangen nesa, ya yi jawabi a kan yadda kuskure ke zama dama ga mai basira.

Shi kuwa Baba Sito, ranar Litinin wata mata ta hawo benensu tana haki. Mai shagon kayan gyaran famfo da janareta ce a bayan layinsu, mijinta ya rasu bara ya bar mata shagon da shi kaɗai ya san kansa. Ta ce ta ga bidiyon, ta kuma tambayi mai shagon ƙasa aikin da yake yi da.

"Malam, ni ba ni da na'ura, ba ni da ɗakin sanyi. Shago ne kamar an yi yaƙi a ciki. Mai saye zai zo neman abu, na san yana nan, amma sai ya gaji ya tafi. Mutumin da zai iya barci haka a gaban jama'a ba shi da abin ɓoyewa. In za ka iya, ka zo ka gani."

Ya bi ta. Shagon bai kai rabin layi ɗaya na tsohon sitonsa ba. Kwalaye a kan kwalaye, noti da ƙusoshi da ƙananan zobban ƙarfe duk a haɗe cikin bokiti, bel ɗin janareta rataye da igiyar shanya. Ya tsaya a tsakiya yana dubawa, da farin gemunsa na rini wanda baƙi ya fara leƙowa ta ƙarƙashi. Ya jawo kwalin farko ya buɗe. Kan famfo shida, fulogi biyu, takalmin yaro ƙafa ɗaya, da busasshen ƙadangare.

"Hajiya, a samo mini alli da gwangwanaye kamar ashirin. Kuma yau kada a sayar da komai daga wannan ɓangaren."

Ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa. Kafin azahar ya raba noti gida tara, ya gano cewa marigayin yana da tsarinsa, sai dai tsarin mutum ne mai tsayi kuma bahago. Da yamma ya koma gida gwiwoyi na ciwo, hannu baƙi ƙirin da man giris, yana shiga ya nufi kujerar da Maman Auta ta jera fararen rigunan 'yan makaranta.

"Kai, kai, kai! Kada ka kuskura ka taɓa mini kayan mutane." Ta tura masa sabulu da ƙafa. "Wuce bayi. Kuma ka cuɗa har ƙarƙashin farce."